Ku Tambayi Ɗan Rewaya: Yawon Arewacin Sikotland a Ƙarshen Kaka

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini nan Glasgow wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke: motar kaya da mutum ya mayar ɗakin kwana da hannunsa, da yadda za a yi doguwar tafiya da ita yanzu da kaka ke ƙarewa, sanyi na ƙwanƙwasa ƙofa. Na zaɓi biyar. Ta farko ta ci fili da yawa, don akwai yara a cikinta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sayi tsohuwar Ford Transit doguwa, na lulluɓe cikinta da katako, na yi gado da ɗan kicin da kabad, duk da hannuna. Ina da hutun kwana biyar a makon ƙarshe na Nuwamba. Ina so in ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu, ɗan shekara huɗu da 'yar shekara biyu, mu zaga hanyar nan ta arewacin Sikotland da ake kira North Coast 500. Ban sa hita ba tukuna, amma muna da barguna masu kauri, kuma murhun gas na girki yana ɗumama motar cikin minti kaɗan. Me ka gani? Daga wani magidanci, Manchester.

AMSA: Ƙanina, sannu da ƙoƙari. Na ga hotunan da ka haɗo, aikin katakon ya yi kyau, kafinta ma sai haka. Amma a yadda motar nan take yau, kada ka kwana da iyali a cikinta.

Fara da ƙirga kujeru. Transit irin taka kujera uku gare ta a gaba, ku kuwa huɗu ne. Bencin da na gani a hoto gefe yake kallo, kuma da falankin daɓe ka ɗaure shi. A dokar Birtaniya yaro sai da kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, kuma ba a ɗora kujerar yara a benci mai kallon gefe. Kujerar baya ta gaskiya, mai bel, da ƙarfen ƙasan mota ake kafe ta. Kai wa masu wannan sana'ar su yi maka, sannan ka shaida wa kamfanin inshorarka duk abin da ka canza a motar.

Sai murhu. Duk wanda ya tashi a gida ya san labarin nan: lokacin hunturu a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa, ko a kunna janareta a soro a kwanta, da safe sai maƙwabta sun ɓalle ƙofa. Iskar da ke wannan ɓarna ba ta da launi, ba ta da wari. Duk wutar da ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba tana iya fitar da ita, har da wutar gas mai kyan gani. Cikin motarka bai kai ƙaramin ɗaki ba, kuma ƙananan yara ta fi saurin kayarwa. Tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, sai mutum ya ce ai gajiyar tuƙi ce, bari in ɗan kishingiɗa. Murhu na girki ne kawai, da taga a buɗe, da an sauke tukunya a kashe shi.

Yana da wata illar kuma, wadda ba ta kisa amma tana cin mota. Duk kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska. Ka haɗa da numfashin mutum huɗu tsawon dare, da jiƙaƙƙun riguna, da tururin shayi. Duk wannan damshin jikin kwano mai sanyi yake nema ya kwanta. Da asuba za ka ga rufi yana ɗiga kamar murfin tukunyar da aka buɗe. Ba ka gaya mini abin da ka sa tsakanin katako da kwano ba. In ba komai, to can ruwan zai taru inda ido ba ya gani, tsatsa ta kama. Ƙarƙashin katifa ma haka: in a kan shafaffen falanki take kwance, ba a daɗewa za ka ɗaga ta ka tarar ta yi fumfuna. Ka huda falankin da yawa, ko ka mayar da shi sanduna a jere yadda iska za ta ratsa.

Abin da kake bukata hitar dizal ce, mai ƙarfin kilowat biyu ta ishi motarka. Wutarta a cikin rufaffen ƙoƙo take ci, tana jan iskar ƙonawa daga ƙarƙashin mota, hayaƙin ma ta ƙasa yake fita, zafi ne kaɗai ke shigowa, busasshe. Man da take sha bai kai kwatan lita a awa ba. Akwai masu tsada irin su Webasto da Eberspächer, akwai na Sin masu araha. Ta Sin ce a motata. A abin da nake gani a gareji, matsalar ba a injin take ba, a hannun mai sawa take: an bar ɗaurin salansa sako-sako, ko ba a toshe ramin daɓe da kyau ba, ko bakin salansar ya tsaya a tsakiyar ƙarƙashin mota maimakon ya leƙo waje, ko an fito da shi daidai ƙofar gefe da yara ke buɗewa. Kafin hitar ma, sayi na'urar nan mai ƙara in ta ji wannan iska mai guba, wajen fam 20 ce. Ka kafe ta kusa da inda kawunanku suke in kun kwanta, ka danna maɓallin gwajinta kafin kowace tafiya.

Kuma ka bar kafar rufi a ɗan buɗe duk dare, ko ana zabga sanyi. Na san maiɗakinka za ta ce wannan wane irin wauta ne, ana kunna hita ana buɗe rufi. Haka tawa ta ce. Ku gwada dare ɗaya a buɗe, dare ɗaya a rufe, gilashin gaba zai raba gardama.

Yanzu lissafin hanya. Zagayen nan mil 516 ne, daga birnin Inverness a dawo Inverness. A 2015 aka raɗa masa suna aka fara tallarsa ga masu yawon buɗe ido. Daga Manchester zuwa Inverness ya haura mil 350, kuma muddin motarka tana matsayin motar kaya, gudunka mil 50 ne a awa a titin da ba a raba tsakiyarsa ba, 60 a rababbe, 70 a babbar hanya. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, saura uku. A makon da ka zaɓa rana ba ta fitowa a can sai wajen takwas da kwata, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Cire lokacin shirya yara da karin kumallo da goge raɓa da salla, hasken da ya rage maka bai wuce awa shida ba.

Hanyar kuma ba irin wadda ka saba ba ce. Wurare da yawa a yamma da arewa siririn titi ne mai cin mota ɗaya, da 'yan wuraren kaucewa a gefe. In na hagunka ne ka shiga, in na dama ne ka tsaya daura da shi mai zuwa ya shiga. In mota ta biyo ka a baya ka kauce ta wuce, don mai yiwuwa malamar asibiti ce ko mai kai wasiƙa, ba yawo suka fito ba. Ba a fakin a wurin kaucewa don ɗaukar hoto. Da magariba bareyi ke gangarowa bakin titi, namijinsu ya haura kilo 100, tumaki kuwa a kan kwaltar ma suke kwanciya. Hawan Bealach na Bà zuwa Applecross, wanda kowa ke sa hotonsa, mita 626 ne, da kwanoni masu naɗewa da tsananin hawa. Akwai allo a gindinsa da ke gargaɗin manyan motoci, kuma ƙanƙara na toshe shi. Ka bar shi. Haka titin B869 da ya bi ta Drumbeg. Tun ma kafin ka kai Inverness, babbar hanyar A9 tana hawa har wajen mita 460 a Drumochter, inda akwai ƙofofin da ake rufewa in dusar ƙanƙara ta yi yawa. Ka tuna guguwar Arwen a ranakun 26 da 27 ga Nuwamba 2021 ta zo, daidai irin makonka, ta tuge itatuwa, ta bar gidaje kusan miliyan guda ba wuta. Doguwar mota mai dogon rufi, iska daga gefe take kama ta.

Yawancin filayen kwanan matafiya kuma sun rufe tun ƙarshen Oktoba. 'Yan da suka rage sai ka buga waya tun daga gida. Tanki in ya kai rabi ka cika a gidan man farko da ka gani.

Shawarata ga hutun nan: gyara kujera, sa hita, sa na'urar gargaɗi, sannan ku je Lake District, yankin tafkuna a arewa maso yammacin Ingila, tafiyar awa biyu daga gida, ku kwana a filin da ke da wutar lantarki da ban ɗaki mai ruwan zafi. In 'yar ƙaramar ta ƙi barci, ko wani abu ya ƙi aiki, gida na kusa. Zagayen arewa da yara ku bar shi sai Mayu. In kuwa wata rana kakarsu ta karɓi yaran, kai da maiɗakinka kuka samu Nuwamba a hannu, ku ɗauki yanki ɗaya kawai: Inverness zuwa Ullapool, ku bi ta kangon fadar Ardvreck a bakin tafkin Assynt, ku haye gadar Kylesku, ku kai Durness ku shiga kogon Smoo, ku dawo ta Lairg. A watan babu ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke addabar mutane da bazara, babu jerin gwanon motoci, kuma ciyawar tsaunukan ta koma ja.

TAMBAYA: Ni da Alhaji za mu tafi a motar da ɗanmu ya gyara, akwai hita da komai. Damuwata salla da alwala a wannan sanyi, da kuma abin da za mu ci a inda ba mahautan Musulmi. Daga wata Hajiya, Birmingham.

AMSA: Ranki ya daɗe, Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Lokutan salla ne za su fara ba ki mamaki. A wajen Inverness a ƙarshen Nuwamba, azahar na shiga sha biyu da 'yan mintuna, la'asar wajen ɗaya da rabi, magariba kafin huɗu, isha wajen shida. Wato salla uku cikin ƙasa da awa huɗu, kuma daidai lokacin da ake son a yi tuƙi da haske. Sauƙin shi ne ku matafiya ne. A Risala an karantar da mu cewa tafiyar da ta kai buridi huɗu, abin da yau ake ƙiyastawa wajen kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, kuma matafiyi na iya haɗa azahar da la'asar. Ƙasarun na yankewa in kun yi niyyar zaman kwana huɗu wuri guda. Ni abin da nake yi, in tsaya sau ɗaya da rana a ci abinci a yi sallolin biyu, sannan in tabbatar magariba ta same ni a inda zan kwana.

Alƙibla ba inda aka saba a gida take ba. A Kano gabas ake fuskanta a ɗan karkata arewa. Daga arewacin Sikotland kuwa gabas maso kudu ce, wajen digiri 120 daga arewa. Kada ki duba ta da waya a cikin mota, ƙarfen motar na ruɗa ta. Alhaji ya fita ya ɗan yi nisa ya duba. In fili ya ba da dama, ya juya motar yadda tsawonta zai kalli alƙibla, sai ɗan lungun da ke tsakanin gado da kicin ya zama wurin salla, mutum ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ba ruwan sama, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kafin darduma.

Alwala kuwa, babban fulas shi ne sirrin. A cika shi da ruwan zafi kafin a kwanta, da asuba a sirka a buta. A yi ta a kan roba a bakin ƙofar gefe, a zubar nan take, kada tawul ya bushe a cikin mota. Ki nemi huffi na fata, ki sa shi bayan cikakkiyar alwala, daga nan sai shafa. Wanke ƙafa da ruwa a bakin titi iska na kaɗawa, wanda ya yi sau ɗaya ba ya son na biyu.

Ga wata magana da littattafan Turawa kan motar kwana ba sa kawowa. Ɗan tankin masai da ke cikin irin motocin nan an auna shi ne da masu amfani da takarda. Mu masu buta, cikin kwana biyu ya cika. Ba a juye shi a rafi, ko a kwata, ko a ban ɗakin jama'a na ƙauye. Sai a wurin da aka tanada, a filin kwana ko inda aka sa alamarsa. Ku tsara tafiyar yadda duk bayan kwana biyu za ku biya ta irin wurin.

Abinci: ki yi miya a gida, kuka ko taushe ko dage-dage, ki daskarar a ƙananan robobi. Za su riƙe sanyin firij, kullum a narka ɗaya. Tuwon semo minti kaɗan ne. Wake da duk abin da ke daɗewa a wuta ki bar su a Birmingham, tururinsu a bango zai kwana. Dambun nama na tafiya ne, amma wanda aka yi a nan, don an hana shigo da nama daga Najeriya ko a jakar hannu. Garin kunu da yaji kada a manta. Kifi kuwa kin zo gidansa: Ullapool da Lochinver da Kinlochbervie da Scrabster duk tashoshin masunta ne. In za ku sayi soyayye, ku tambayi da me aka soya, don wasu da kitsen dabba suke yi, wasu kuma suna zuba giya a ƙullun. Akwai masallaci a Inverness in Juma'a ta riske ku a can. Akwai wani kuma a Stornoway da ke tsibirin Lewis, wanda aka buɗe a 2018, tafiyar awa biyu da rabi a jirgin ruwa daga Ullapool. Amma a wannan watan teku ke yanke hukuncin ko jirgi zai tashi.

TAMBAYA: Oga, ina da batirin litiyam mai amp 100 da farantin sola mai wat 200. Da bazara lafiya lau. Yanzu hita na mutuwa da tsakar dare, wani lokaci ma ta ƙi tashi, kuma da safe gas ba ya kamawa alhali tukunyar da nauyinta. Daga wani ɗalibi, Aberdeen.

AMSA: Samari, ka zo inda aka fi ƙarfi. Solarka lafiyarta ƙalau, rana ce babu. A garinku a ƙarshen Nuwamba, ko da tsakar rana, tsayinta daga doron ƙasa bai wuce digiri 12 ba, farantinka kuma a kwance yake a rufi, hasken shafarsa kawai yake ya wuce. Ka sa a ranka cewa daga yanzu zuwa Fabrairu ba ka da sola. Wutarka daga injin za ta fito. Sayi cajar nan da ake sawa tsakanin batirin mota da na ɗaki, mai amp 30. Tuƙin awa uku zai kusa cika maka batir. Tsohon salon rile, wato makunnin da ke haɗa batiran biyu kai tsaye, ba ya aiki da kyau da altanetar sababbin motoci, mai ɗagawa da saukewa yadda ta ga dama, kuma bai dace da litiyam ba.

Ƙin tashin hita, na yi imani waya ce. Lokacin kunnawa tana jan amp takwas zuwa goma don ta gasa fulogi, bayan nan ta sauko ɗaya ko biyu. Wayar da ke zuwa a kwalin masu araha siririya ce, in ta yi tsawo ƙarfin wutar na zubewa a hanya, sai hitar ta ɗauka batir ya mutu. Ja mata waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fiyus daf da kan batirin. Kuma kada ka taɓa kashe ta ta babban makunni; da maɓallinta ake kashe ta, a bar fankarta ta gama huce ta.

Ina batirin yake? In a ƙarƙashin mota ka rataye shi, ko jikin ƙofar baya, dawo da shi ciki inda ɗumi ke kaiwa. Litiyam ba ya son caji in sanyi ya kai na daskarar ruwa. Mai kyau zai ƙi karɓa da kansa, sai ka yi ta tuƙi kana zaton yana cika. Marar kyau zai karɓa ya lalace.

Gas kuma, na san tukunyarka shuɗiya ce. Wannan gas ɗin da ake kira butan ne, kuma da sanyi ya kusa sifili yake daina tashi ya zama iska, sai ya kwanta ruwa a gindin tukunya. Koma wa ja, wato furofan, wanda ke tashi har a digiri 40 ƙasa da sifili. Ka canza kan da ke daidaita ƙarfinsa, don ba iri ɗaya ba ne. Akwatin tukunyar ya zama a rufe ta ɓangaren ɗaki, da rami a daɓensa zuwa waje, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi. Tunda kana ta ƙara kaya, ka biya ta sikelin manyan motoci wata rana da tankunanka a cike. Lasin ɗinka na kilo 3,500 ne, kuma kowace litar ruwa kilo ce.

TAMBAYA: Jikana ya nuna mini hotonsa yana kwana a mota a ƙasar Turawa. Mu a nan direban tirela ne ke kwana a mota, shi ma don dole. Ya ce wai a Sikotland daji ba mai shi, kowa ya kwana inda ya ga dama. Gaskiya ne? Daga wani dattijo, Zariya.

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Jikan naka ya ji rabin magana. Akwai doka ta 2003 da ta ba kowa damar ratsa yawancin filayen ƙasar da ƙafa, ko a keke, ko a doki, har ya kafa tanti ya kwana in bai yi ɓarna ba. Dokar ba ta haɗa da mota ba. Shiga filin wani da mota sai da izininsa. Kwana a wurin ajiye motoci na gefen titi ana ƙyalewa a inda ba a kafa allon hani ba, amma alfarma ce, kuma mutanen ƙauyukan sun fara gajiya da ita saboda baƙin da ke toshe musu ƙofar gona su bar musu ƙazanta.

Dajin kuma da masu shi, kuma yadda ya zama wayam akwai tarihi. Shekaru ɗari biyu da suka wuce kwarurrukan nan cike suke da ƙauyukan manoma masu shanu. Masu ƙasar suka ga kiwon tumaki ya fi kawo kuɗi, sai aka tashi mutane. A kwarin Strathnaver an yi haka a 1814 da 1819, aka cinna wa gidaje wuta don kada a dawo. Aka tura wasu bakin teku, wurare irin su Bettyhill, su koyi kamun kifi a kan dole, wasu suka haye zuwa Kanada. Wakilin masu ƙasar, Patrick Sellar, an gurfanar da shi a Inverness a 1816, kotu ta sallame shi. Har gobe in mutum ya bi ta Golspie zai hango mutum-mutumin basaraken yankin, Duke na Sutherland na farko, a ƙwanƙolin dutse, shi da aka yi korar da sunan gidansa, kuma an sha neman a sauke shi. Wanda ya san wannan ba zai shiga wurin da gadara ba. In ya ga tarin duwatsu a jere cikin ciyawa, ya san ɗakin wani ne.

Dalilin kwana a mota kuwa, Baba, ba rashin gida ba ne. Ɗakin otal a can da tsada, da yawansu ma a rufe suke a wannan watan. A mota tukunyata na tare da ni, butata na tare da ni, ba na tambayar kowa me aka zuba a miya, kuma inda magariba ta yi nan ne masauki. Ka ce wa jikan ya riƙa sayen burodi da mai a ƙauyukan da yake kwana, ya gaida mutane, ya kwashe sharar sa. Ka kuma tambaye shi ko yana da na'urar da na ambata a amsar farko. In ya yi shiru, ka matsa masa.

TAMBAYA: Yayana da ke Leeds zai turo mini Sprinter ɗinsa da ya mayar ta kwana, in riƙa yawo da ita a nan. Me zan canza? Daga wani matashi, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, tsayar da shi kafin ya biya kuɗin jirgi. Sitiyarin motar Ingila a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma hukuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyari a gareji ban ba ka shawararsa ba, balle a motar da aka riga aka cika da katako da wayoyi. Ya sayar da ita a can, ku nemi mai sitiyarin hagu daga Jamus ko Beljiyam, ka yi aikin cikin a Kano, inda kafinta da mai walda suka fi sauƙi. Hita ba ta da aiki a wajenka sai ko daren Jos ko Mambila. Kuɗinta ka sa a fankar rufi mai ƙarfi, da ragar sauro a kowace taga, da abin tare zafi tsakanin kwano da katako, da farin fenti a rufi. Solar da ta gaza wa ɗalibin Aberdeen, kai za ta riƙe maka firij duk shekara, in kana goge mata ƙura. Kwana kuwa, a harabar da ke da maigadi ko a ƙofar gidan ɗan'uwa. Ban yarda ka ajiye ta a bakin daji ba.